Na Je Ɗauko wa Baffa Furen Goro

Tun da na dawo kun hana ni zura zare a allura cikin kwanciyar hankali. Wannan ya leƙo rumfa ya ce, "Isiyaku, ashe har ƙasar Faransi ka taka?" Wancan ya zo da nasa, wai an ba ni katantanwa na cinye har da suɗe yatsa. Akwai ma mai bazawa a Zongo cewa aljanun kurmi ne suka kira ni. To ga labarin nan zan ba da shi sau ɗaya, daga fita har komowa, wanda bai ji ba ya nemi wanda ya ji.

Baffa Tanko ne ya aike ni. Yayan mahaifina ne, shi ya ɗauko ni daga Kano ina saurayi ya kawo ni Kumasi, ya danƙa ni a hannun masu zanen riga da ɗinkin hula, har na zama abin da na zama. A zamaninsa madugu ne, ya ja ayarin goro tsakanin Gwanja da Kano har ƙafa ta ce ta gaji. Tun bara yanar ido ta fara rufe masa gani. Da farko ya daina gane mutum daga nesa, daga baya sai ka zo dab da shi ya kama hannunka kafin ya ce, "Au, kai ne?"

Wata safiya da damina ta kankama ya sa aka kira ni. Na same shi a zaure yana ɓare goro. Ya ce, "Isiyaku, kai da kake cika wuyan rigunan mutane da ganye da reshe, zana mini furen goro in gani."

Na buɗe baki, na rufe. Wallahi ban san kamanninsa ba. Shekara da shekaru ina taunar goro, ina kwana a gidan da huhunan goro suka kai rufi, ban taɓa tambayar kaina ko yana fure ba. Na fita na zaga Zongo ina tambaya. Wani dillali ya ce kamar furen kabewa yake. Wani ya rantse goro ba ya fure, fitowa kawai yake yi a jikin ice. Wani dattijo kuwa ya zaro ganyen fita, wanda muke naɗe goro da shi, ya ce ai ga ganyen bishiyar nan, furen ma ba zai wuce haka ba. Mutanen da goro ya gina musu gidaje ke nan.

Da na koma na faɗa wa Baffa sai ya yi dariya. Ya ce shi ma bai taɓa gani ba. Ayari da rani yake zuwa, bayan an gama cire goro, fure kuwa da damina yake fita. Ga shi a da can Tonawa, wato mutanen Asante, ba su barin Bahaushe ya shiga kurmi, iyakarmu kasuwar Kantamfo. A can ya yi aboki, wani Kwasi, wanda yake kawo masa goro daga ƙauyensu na yamma. Ba su jin harshen juna sai da yatsa da dariya, amma kowace shekara in za su rabu Kwasi yakan sa a faɗa masa, "Ka zo da damina ka ga itatuwana sun sa fari." Baffa yakan ce in sha Allahu. Aka yi ta in sha Allahu har Kwasi ya mutu bara.

Na ce, "Baffa, ai an ce akwai itatuwan goro nan bayan Kwadaso. Gobe in tsinko maka."

Ya ce, "Na Kwadaso ya yi mini alkawari? Na Kwasi nake so. Ka je ka ɗauko mini in sa a idona tun ina ganin fari da ja."

Mutumin da ya goya ni a rayuwa bai taɓa roƙona ko da hula ba, yau ya roƙi fure. Tsorona ɗaya, kada in dawo in tarar idon ya riga ni.

Abokin tafiyata Kwabena ne, ɗan marigayi Kwasi, wanda ya gaji uban wajen kawo wa gidanmu goro. Magidanci ne mai ƙaton ciki da ƙatuwar murya, Hausarsa irin ta Zongo, mace da namiji duk "ya" ne a bakinsa, ni kuma Kramo yake kirana, yadda Tonawa ke kiran Musulmi. Ya ce, "Kramo Isiyaku, kar ka damu. Hanya yana da kyau, mota yana zuwa har Sunyani. Mama na zai yi murna."

A Bantama muka hau motar. Ku da ba ku taɓa shiga ba, kada ku yi gaggawa. Katakai ne aka gitta a baya, aka jera mu a kai, ni da Kwabena da mata masu kwandunan busasshen kifi da wani malamin coci mai laima. Ni kuwa na caɓa ado, na sa farar rigata mai aska takwas, don mai ɗinki in zai shiga baƙuwar ƙasa rigarsa ce tallarsa. Ba mu yi nisa ba motar ta nutse cikin taɓo har gindi. Direba ya ce maza su sauko su tura. Na tattare riga na tsaya daidai bayan ƙafar motar, don ba wanda ya gaya mini nan ne wurin da ba a tsayawa. Direba ya ba ta wuta, ƙafar ta juya a banza, ta kwaso jan taɓo ta yaɓa mini tun daga gemu har gwiwa. Matan nan suka yi ta dariya har ɗaya ta riƙe ciki. Malamin coci ya miƙo mini laimarsa, bayan aikin gama ya gama.

A kogin Tano aka sake sauke mu don motar ta haye gadar katako ba nauyi. Na leƙa ruwa, sai ga kifaye manya-manya suna yawo a gefe, ba tsoro, kamar kajin gida. Na ce da ƙarfi, "Kai! Ina ma da tukunya da ɗan manja!" Kwabena ya damƙe mini hannu. Ya ce kifin nan 'ya'yan kogi ne, ba a kamawa, ba a ci, in ɗaya ya mutu ma akwai masu yi masa kuka. Na so in yi magana, sai na tuna a ƙasarmu ma akwai garuruwan da kada yake kwance a bakin tafki yara na wasa kusa da shi, ba mai jifarsa. Na haƙura, amma yawuna bai daina tsinkewa ba sai da muka haye.

A Sunyani mota ta ƙare. Muka sauka a zongon garin, gidan wani Basakkwace mai saukar da fatake, wanda ya ba ni tuwon dawa da miyar kuka har na ji kamar in yi masa kuka don daɗi. Na wanke rigata, ta ƙi komawa fara, har yau ga ta nan kalar kunun kanwa.

Da la'asar na fita miƙe ƙafa, ƙafar ta kai ni bayan gidan Baturen da ke mulkin wurin. Nan na ga abin da ya tsayar da ni. Fili ne guda an shuka shi da furanni, layi-layi, ja a nan, rawaya a can, an kewaye kowane kashi da duwatsu an shafa musu farar ƙasa. Wani Bamoshe yana durƙushe yana yanke ciyawa da almakashi. Na yi masa sallama, na ce, "Ɗan'uwa, wannan jan wace miya ake yi da shi?"

Ya ce, "Ba a ci."

"Magani ne?"

"Ba magani ba ne. Kallo ake yi."

"To ciyawar fa, me ya sa ba ka tuge ta gaba ɗaya ka huta?"

Ya ce ai shuka ta aka yi da gangan. Shi yake ba ta ruwa da rani, in ta tashi kuma ya yanke ta, in ta sake tashi ya sake yankewa. Na yi dariya har na dafa shinge. Gona guda, ba gero ba kuɓewa, an ɗauki ƙato ana ciyar da shi don ya yi wa ciyawa aski! Ina komawa masauki ina ba Kwabena labari, sai ya dube ni ya ce, "Kai fa, Kramo? Ka bar aiki, ka bar mata, ka shiga mota, me za ka je ka yi?" Gaskiya ita ce na daɗe a shingen nan ina kallon yadda rawaya ke ƙara wa ja haske in an jera su, da yadda farin dutsen ya kama gefen kamar dajiyar riga. Na adana wannan a kaina don aiki.

Daga nan sai ƙafa. Muka wuce Barekum muka shiga kurmi na sosai, inda rana ba ta taɓa ƙasa, kai da tsakar rana ka ce magariba ta kusa. Ni ɗan fili ne, na saba in hango garin da zan je tun da hantsi. A nan kuwa ba ka ganin komai sai ƙeyar na gabanka. Lokacin azahar na sami wani kututture na zauna zan yi alwala, ashe a kan hanyar kwarkwasa na sauke kaina. Kafin in wanke hannu sun kai inda ba a faɗa. Na yi wurgi da buta, na yi rawar da ko ranar aurena ban yi ba. Kwabena yana ta ihu, "Cire wando! Cire wando!" Na cire. Allah ya taimake ni ba kowa a hanyar sai mu biyu da birai.

Kowane ƙauye muka shiga akwai babbar bishiya a tsakiya, wani lokaci an ɗaura mata farin ƙyalle a gindi, dattawa na zaune ƙarƙashi. Ban da ƙyallen, da sai in ce ceɗiyar ƙofar gidan mai unguwa ce. Gaisuwarsu kuwa da tsari take. Baƙo ne zai bi mutane yana ba su hannu daga dama zuwa hagu, kada ya kuskura ya tsallake kowa. Ya zauna, a ba shi ruwa, sa'an nan su kuma su taso su gaishe shi, sai a tambaye shi abin da ke tafe da shi, ko da kowa ya sani. Mu a wurinmu sai baƙo ya ci ya sha ya huta kafin a taɓo wannan zance. A kowane ƙauye Kwabena yakan miƙe ya yi jawabi cewa Kramo ya zo ganin furen goro, a kowane ƙauye kuma sai an sa ya maimaita.

Iyakar ƙasar Faransi da kuke ta tambaya ba wani abu ba ce. Turke ne guda a bakin hanya, da bukka, da tuta. Kwabena ya ce lokacin da Ingilishi da Faransi suka ja layinsu ba su tambayi kowa ba, suka bar ƙauyen uwarsa a hannun Faransi, gonar kawunsa a hannun Ingilishi. Wani soja mai jar dara ya fito da bindiga ya yi mana magana da Faransanci, muka tsaya muna kallonsa. Ya dubi hulata ya ce, "Kai, Bahaushe ne?" Ashe Bazabarme ne, Hausa a bakinsa kamar an haife shi a Katsina.

Ya ce, "Me ke tafe da kai?"

Na ce, "Fure na zo gani."

"Malam, da furfurarka? Faɗi gaskiya, goro ne ko albarushi?"

Na kwance masa labarin Baffa tun daga Kantamfo. Ya jingine bindiga ya saurara. Da na gama ya ce shi ma tun da aka kawo shi nan aikinsa ke nan duba kayan goro, hannunsa har ya rine, amma bai taɓa ganin furen ba. Ya ce in wuce, sharaɗinsa ɗaya, in na dawo in buɗe masa ya gani.

Muka isa ƙauyen da hantsi. Wata 'yar tsohuwa ƙarama ta fito da gudu-gudu, ta yafa jan zane jawur, ta rungume ƙaton ɗanta. Ita ce Maame Yaa, matar marigayi Kwasi. Na raɗa wa Kwabena, "Biki ake yi ne?" Ya ce a'a, ja a wurinsu na makoki ne, don ubansa take sa shi har yanzu. Na gode wa Allah da ban yi mata barka ba. Da aka faɗa mata ni ɗan Tanko ne na Kantamfo, sai ta kama hannuna biyu tana ta magana, hawaye na zuba. Kwabena ya ce, "Ya ce Papa kullum yana maganan Tanko. Ya ce Tanko ya yi latti, amma ya aiko."

Yanzu maganar katantanwa. An dafa, na gan ta da idona cikin miyar sakwara, kowace kamar dunƙulen hannu, Kwabena yana tsotsa yana lumshe ido. Amma ni ban ci ba, wanda ya ce na ci ya zo ya dafa Alƙur'ani. Maame Yaa ta san Kramo, mijinta ya gaya mata halinmu. Ta sa aka kamo kaza aka ba ni wuƙa na yanka da hannuna, ta fito da sabuwar tukunya da ba a taɓa ɗorawa ba, ta dafa mini da ganyen gwaza da manja, ga dafaffiyar ayaba a gefe. Na ci har na ji kunya, na kuma ƙara.

Bayan ɗakinta akwai nata lambun, in lambu za a kira shi. Barkono ya hau kan gauta, gwaza ta rufe citta, kabewa ta bi ta kan kowa, ga wasu ganyaye na ciwon ciki da na zazzaɓi a tsakani. Ba layi, ba farin dutse, amma ta san mazaunin kowane, tana bi tana shafa su tana faɗa mini sunayensu kamar jikokinta. A maƙwabtanta kuma na tarar da wani mai irin sana'ata ta wata hanya. Ya sassaƙa guntun ƙwarya ya fitar da siffar wani ganyen kurmi mai yatsu-yatsu, yana tsomawa a baƙin rini yana bugawa a zane. Na nuna masa askar rigata, ya nuna mini ganyensa, muka yi ta gyaɗa wa juna kai ba mai jin wani.

Washegari da safe ta ja mu zuwa wurin itatuwan. Ni na zaci gona zan gani. Ashe a cikin kurmin suke, nan ɗaya can ɗaya, Kwasi ya share gindin kowace ya sare abin da zai tare mata iska. Bishiya ce madaidaiciya, ganyenta dogo mai sheƙi da tsini a baki, ko kusa bai yi kama da fita ba. Na fara ganin fari-fari a ƙasa kamar an zubar da gari. Maame Yaa ta ɗaga mini haɓa da yatsa. Na ɗaga kai, sai ga su nan cunkus a jikin rassa.

Ɗan ƙarami ne, jama'a. Kaɗan ya fi anini. Tsini biyar gare shi a buɗe kamar tauraro, fari mai ɗan sirkin rawaya irin na man shanu, daga cikin kowane tsini kuma ja ya tsargo siri-siri kamar an ja da bakin allura. Na kai hanci don in ji ƙanshi, na janye da sauri. Ba ya ƙanshi. Wani ɗan bashi-bashi yake yi, ƙudaje kuwa sun yi masa caa. Duk da haka na tsaya a gindin bishiyar nan hawaye suka zo mini, don na tuna wanda ya kamata ya tsaya a wurin ba ni ba ne.

Muka tsinko masu kyau cike da ƙwarya. Yaya za a kai su Kumasi? Ni da Kwabena muka dubi juna, ba mu ma yi shawara ba. Mu 'ya'yan goro ne, mun san yadda ake tafiya da abu ɗanye har Kano bai bushe ba. Muka samo ganyen fita, muka shimfiɗa a ɗan kwando, muka jera furanni, muka yayyafa ruwa, muka rufe da wani ganyen, muka ɗaure tamau da igiya. Ɗan huhu ya fito tsaf, abin sha'awa. Maame Yaa tana kallonmu, ta ce wani abu. Kwabena ya ce wai ta ce ita dai ba ta taɓa ganin an yi wa fure haka ba. Muka ce ai ba ta taɓa zuwa Kano ba.

Da yake hannu ya saba, na zauna a kan saiwa na fito da alƙalami da tawada na fara zana furen a wani farin ƙyalle, don in samu na sa wa a wuyan riga wata rana. Ina cikin ja na ƙarshe ruwa ya sauko. Tawadarmu kuwa kun san ta, don a wanke aka yi ta. Kafin in naɗe ƙyallen zanen ya zama baƙin tabo. Haushi ya kama ni. Muka koma ƙauye a guje, ruwan ya ƙi tsayawa, hanya ta yanke. Ina zaune a baranda ba abin yi, ga ragowar fure a gabana, sai na cire hulata na zaro allura na fara ɗinka shi kai tsaye a gefenta, ina kallo ina sokawa, daidai girmansa, ban ƙara ba ban rage ba. Na cika tsinin nan biyar da farin zare, na bi na sake bi har suka yi tudu. Da na zo kan ja, na zazzage jakata, babu jan zare ko taƙi.

Maame Yaa tana zaune gefe tana fere rogo. Ta ga ina ta dube-dube, ta leƙo hular, ta dubi furen, ta gane. Ta kamo bakin jan zanen da ke jikinta, ta sa haƙori ta tsinke, ta zaro zare dogo ta miƙo mini. Da shi na ja jan da ke cikin kowane tsini.

Komowa ba ta da labari mai yawa. Sojan nan na iyaka yana hango mu ya taso. Muka kwance masa huhu, furannin suna nan da kyansu, sun ɗan yi laushi kawai. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ikon Allah, duk wahalar nan a kan wannan?" Sa'an nan don kirki ya kwance gorar ruwansa ya ƙara musu, ya ce hanya da nisa. Ni ma duk rafin da muka haye sai na tsoma hannu na yayyafa. A mota na rungume huhun a ƙirji, ko Kwabena ban yarda ya riƙe ba.

Muka shigo Zongo ranar Alhamis da la'asar. Ban ko biya gida ba, na wuce wurin Baffa. Labari ya riga ni, zaure ya cika da dillalai da fatake, har mai cewa goro ba ya fure yana nan a gaba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya juyo da fuska, amma ba daidai inda nake ba, ya miƙo hannu yana lalube. Idon ya rufe ina hanya, sai haske da duhu kawai yake rarrabewa.

Ya ce, "Ka samo?"

Na ce, "Na samo, Baffa."

"To buɗe. In ban gani ba na taɓa."

Na kwance igiya, na ɗaga fita. Wari ya bugi zauren. Abin da ke ciki baƙar laka ce mai yauƙi, ba tsini ba fari ba ja, mun dafa su da ruwa da zafi tun daga iyaka. Wani dillali mai son gyara zance ya ce, "Ma sha Allahu, Baba, abin gwanin kyau."

Baffa ya ce, "Kai, rufe mana baki. Ido na rasa, hancina na nan. Isiyaku, me ka yi musu?"

Na ce, "Huhu na yi musu, Baffa. Da fita da ruwa."

Sai ya fashe da dariya har da tari. Ya ce, "Ni ma da haka zan yi."

Dariyar ba ta sauke mini nauyin da ke ƙirjina ba. Na yi tafiyar nan duka, na dawo wa tsoho da ruɓaɓɓen ganye. Na sa hannu zan share zufa, sai na taɓo hulata. Na cire ta, na kamo yatsansa na ɗora a kan ɗinkin. Na ce, "Baffa, ga shi nan. A gabansa na zauna na ɗinka."

Ya bi tsinin ɗaya bayan ɗaya da kan yatsa, ya zagayo, ya sake zagayowa. Ya ce, "Haka girmansa yake, ko ka rage?"

"Haka yake."

"Ɗan wannan? Jakunan da na binne a hanyar Gwanja, da 'yan fashin da suka fasa mini kai, duk ɗan wannan ne ya haife su?" Zaure ya ɗauki dariya. Ya ce, "Yana ƙanshi?"

Na ce, "Wari yake, Baffa. Ƙudaje ne masoyansa."

"Madalla. Da ka ce yana ƙanshi da na san ba ka je ba." Yatsansa ya tsaya a tsakiya. "Wannan siririn fa da ke ciki? Zarensa daban ne, ya fi kaushi."

Na ce ja ne. Na gaya masa nawa ya ƙare, na gaya masa daga zanen da matar Kwasi take masa makoki ta tsinko shi da haƙorinta.

Baffa ya daɗe yana shafa wurin da babban yatsa, hawaye na bin gemunsa, mu kuma ba wanda ya motsa. Can ya ce, "Kwabena na nan?" Kwabena ya matso ya durƙusa. Baffa ya lalubo kansa ya dafa, ya ce, "In ka koma ka ce wa uwarka na zo, na gani. Itatuwan sun sa fari."

Na jira ya miƙo mini hulata, sai na ga ya cire tasa ya ajiye a tabarma, ya kafa tawa, ya juya ta har furen ya zo daidai inda hannunsa ke kaiwa. Haka na ratsa Zongo da rana tsaka-tsakin la'asar da magariba, kai ba hula, da furfurata, yara na leƙe. Hular tana kansa har yau, kuma duk wanda ya je gaishe shi sai ya ba da yatsa an ɗora masa.